Da Sanyin Safiya Akan Kama Fara? Nazari a Kan Ribar Shiga Jaririn Kamfani da Wuri

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya kusa kammala karatu a sashen Hausa, akwai tambayar da ke yi masa yawo a zuciya, wato ina za a dosa bayan an gama bautar ƙasa. A da amsar ba ta cika wuce koyarwa ko aikin jarida ko aikin gwamnati ba. Yanzu an sami wata ƙofa. Akwai sababbin kamfanoni da matasa ke kafawa, wasu na harkar tura kuɗi ta waya, wasu na haɗa manoma da kasuwa, wasu kuma na koyarwa ta intanet. Duk wanda ke son hajarsa ta karɓu tun daga Kafanchan har zuwa Maraɗi, dole ya nemi wanda ya san Hausa. Saboda haka suna neman mai fassara, da mai rubuta talla, da mai amsa kiran abokan ciniki, da mai tace rubutu da murya domin koya wa na'ura harshe. Sai dai irin waɗannan kamfanoni ba kasafai suke iya biyan albashi mai tsoka ba. Abin da sukan ce wa mutum shi ne, ya karɓi kaɗan yanzu, su ba shi kaso a cikin kamfanin, idan kamfani ya girma shi ma ya girma tare da shi.

Wannan muƙala za ta duba wannan tayi ne, domin a ga ko yana da riba ga ma'aikaci ta fuskar kuɗi. Za a fara da daidaita kalmomi, sannan a waiwayi yadda Bahaushe ya saba yin irin wannan ciniki a kasuwa. Daga nan sai a kawo abin da ya faru a Amurka da Nijeriya, a kuma yi lissafi da misalin da ɗan Fadan Kagoma ko Kwoi ko Kachia zai gane, wato harkar citta. Abin da muƙalar ke son tabbatarwa shi ne, wanda ya yarda aka rage masa albashi domin kaso ya zama mai zuba jari ko bai sani ba, kuma a ranar rabo shi ne na ƙarshe a layi.

2.0 Daidaita Kalmomi

Tun da yake harshe muke nazari, ya dace mu fara da sunayen abubuwa, domin yawancin waɗanda aka cuta a wannan harka ta hanyar kalma aka cuce su. Ga kalmomin da za a yi amfani da su:

Jaririn kamfani: kamfanin da aka kafa da nufin ya bunƙasa cikin gaggawa da kuɗin masu zuba jari, alhali bai fara cin riba ba tukuna. Ya bambanta da sabon shago ko sabuwar makaranta mai zaman kanta, domin waɗannan da cinikinsu na yau da kullum suke rayuwa. Kafofin watsa labarai sukan ce kamfani mai tasowa, amma kalmar jariri ta fi nuna rauninsa.

Hannun jari: kason mallakar kamfani.

Alkawarin hannun jari: damar da ake ba ma'aikaci ta sayen hannun jari nan gaba a kan farashin da aka yanke tun yau. A lura, wannan dama ce ta saye. Sai ma'aikaci ya biya kuɗin kafin hannun jarin ya zama nasa.

Nuna: kamar yadda amfanin gona ke nuna a hankali, haka kason ma'aikaci ke zama nasa kaɗan-kaɗan. Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne shekara 4. Wanda ya bar aiki kafin ya cika shekara guda ba shi da komai. Idan ya cika, rubu'in kason ya nuna, sauran kuma ya riƙa nuna wata-wata.

Tsinkewa: idan aka ƙara wa kunu ruwa yakan tsinke. Duk lokacin da kamfani ya ƙirƙiri sababbin hannayen jari ya sayar wa masu kuɗi, kason waɗanda ke ciki yakan ragu.

Fifikon biya: sharaɗin da masu zuba jari ke gindayawa cewa idan aka sayar da kamfani, za a fara mayar musu da kuɗinsu kafin kowa ya taɓa ko kwabo.

Ranar girbi: ranar da wani babban kamfani ya saye jaririn, ko aka kai shi kasuwar hannun jari. Galibi sai a wannan rana ce takardar ma'aikaci ke iya zama kuɗi.

3.0 Yaron Kanti da Sallama

Yin aiki yau domin a ci moriya gobe ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A gidan manomi akwai gandu, akwai gayauna. Ɗa yakan yi aiki a gandun mahaifinsa a ciyar da shi, a biya masa haraji, a yi masa aure, sannan a yanka masa 'yar gona tasa ta kansa wadda yake nomawa a lokacin da aka ware masa. A kasuwa kuma akwai yaro da ubangidansa. Yaro yakan yi shekaru yana tsaron kanti ko yana bin fatake, ba shi da tsayayyen albashi sai abinci da sutura da ɗan abin kashewa, har ranar da za a sallame shi, wato a ba shi jari ko a buɗe masa nasa shagon. Manyan attajiran Kano irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a shekarar 1955, sun gudanar da fataucin goro da sayen gyaɗa ta hannun yara da wakilai da suke ba jari. 'Yan kasuwar Ibo da ke Kafanchan da sauran garuruwan Arewa su ma suna da irin wannan tsari na sallamar yaro bayan shekarun da aka yi yarjejeniya a kansu. Akwai kuma kashe-mu-raba, inda ɗaya ke kawo dukiya ɗaya ya kawo ƙarfinsa, a raba riba yadda aka shirya.

Abin lura a nan shi ne abin da ke tsare haƙƙin yaro. Ubangida mutum ne guda, an san gidansa, an san danginsa. Iyayen yaro ne suka damƙa masa shi a gaban shaidu. Idan ya ƙi sallamar yaro bayan shekaru, maganar za ta kai ga shugabannin kasuwa, kuma sunansa zai ɓaci a wurin da yake neman bashi da amana. Duk da haka ma akan sami iyayen gidan da ke ƙirƙiro wa yaro laifi idan lokacin sallama ya matso. Na biyu, abin da ake sallamar yaro da shi kaya ne ko kuɗi, abin da zai iya juyawa tun washegari.

Jaririn kamfani ya ɗauki rabin wannan tsari, wato haƙuri da ƙaramin samu na shekaru, amma ya bar ɗaya rabin. Wanda ya ɗauke ka aiki yau yana iya zama ba shi ne mai faɗa a ji ba bayan shekara uku, domin masu zuba jari suna iya sauke shi. Kamfanin yana iya kasancewa da rajista a jihar Delaware ta Amurka, kamar yadda da yawa daga cikin jariran kamfanonin Nijeriya masu neman jarin waje suke yi. Babu shugaban kasuwar da zai kira su. Abin da ya rage wa ma'aikaci shi ne takarda kawai, da abin da aka rubuta a cikinta.

4.0 Asalin Labarin

Ruwa ba ya tsami banza. Akwai dalilin da ya sa matasa ke ɗokin wannan tayi. An kafa Microsoft a shekarar 1975, aka kai shi kasuwar hannun jari a watan Maris na 1986 a kan dala 21 kowane hannu, kuma ma'aikatansa masu yawa sun zama masu miliyoyi saboda kason da aka ba su. An kafa Google a 1998, ya shiga kasuwa a watan Agusta na 2004 a kan dala 85. A cikin waɗanda suka yi arziki har da Charlie Ayers, wanda aikinsa dafa wa ma'aikata abinci ne. Haka kuma mai zane David Choe ya yi wa ofishin Facebook zane a bango a 2005, ya karɓi hannun jari a maimakon kuɗi, kuma da kamfanin ya shiga kasuwa a watan Mayu na 2012 kasonsa ya zama dukiya mai ɗimbin yawa.

Waɗannan labarai gaskiya ne. Matsalarsu ita ce, labarin wanda ya ci kaɗai ake bayarwa. Dubban kamfanoni aka kafa a shekarun da aka kafa Google, mafi yawansu sun mutu, musamman a faɗuwar kamfanonin intanet ta shekarar 2000 zuwa 2002, kuma ma'aikatansu sun koma gida da takardun da ba su da amfani. Ba wanda ya rubuta littafi a kan mai dafa abincinsu. Wanda duk zai auna wannan harka da Google, kamar wanda zai auna noma ne da shekarar da damina ta fi kowace kyau.

5.0 Abin da Ya Sauya

5.1 Jira ya yi tsawo. Amazon ya shiga kasuwa a 1997, shekara 3 bayan kafa shi. Google ya yi shekara 6. Amma Uber da aka kafa a 2009 sai a 2019 ya shiga, Airbnb kuma daga 2008 sai watan Disamba na 2020. Dalili shi ne manyan masu zuba jari sun yawaita, kamfani yana iya samun kuɗi mai yawa ba tare da ya je kasuwa ba. Ga ma'aikaci kuwa wannan na nufin shekara 10 ko fiye yana riƙe da abin da ba ya sayuwa. Idan kuma ya bar aiki, yawancin yarjejeniyoyi kwana 90 suke ba shi ya biya kuɗin hannun jarin da ya nuna, in ya kasa ya rasa shi baki ɗaya.

5.2 Layin biya. Masu iya magana sun ce in ka yi sammako, wani a tafe ya kwana. Ma'aikacin farko yana ganin ya riga kowa, alhali masu kafa kamfani sun riga sun raba mafi yawan kaso a tsakaninsu, masu zuba jari kuma da suka zo bayansa sun sayi wuri a gabansa. Misalin da ya shahara shi ne na kamfanin Good Technology na Amurka, wanda aka taɓa ƙiyasta darajarsa a sama da dala biliyan 1. A 2015 BlackBerry ya saye shi a kan dala miliyan 425. Bayan an fitar da na masu fifiko, hannun jarin ma'aikata ya tashi a kan santi 44, alhali shekara guda kafin nan an ƙiyasta shi a kan dala 4.32. Wasu ma'aikatan ma sun riga sun biya haraji a kan tsohon ƙiyasin.

5.3 Ƙiyasi ba kuɗi ba ne. Idan aka ji an ce darajar kamfani ta kai kaza, ana nufin farashin da mai zuba jari na ƙarshe ya biya ne, tare da sharuɗɗan da ke kare shi. A farkon 2019 an ƙiyasta darajar WeWork a kan dala biliyan 47, a watan Nuwamba na 2023 kuma ya shigar da takardar karayar arziki.

5.4 Kuɗi ya yi tsada. A shekarar 2021 jari ya kwarara cikin jariran kamfanoni a duniya, har da na Afirka. Daga 2022 babban bankin Amurka ya riƙa ƙara kuɗin ruwa, masu kuɗi suka ja baya, kamfanoni da dama suka rage ma'aikata. A gida kuma ga faɗuwar naira. A 2015 ana canza dala a kan kimanin naira 197 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura naira 1,500. Kamfanin da ke ciniki da naira amma ya karɓi jari da dala sai ya ninka cinikinsa sau da yawa kafin ya tsaya inda yake a idon masu jarinsa.

6.0 Misalai Daga Nijeriya

A nan gida an ga kowane iri. Shola Akinlade da Ezra Olubi sun kafa Paystack a Legas a 2015, kuma a watan Oktoba na 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a kan kuɗin da rahotanni suka ce ya haura dala miliyan 200. Wannan ita ce ranar girbin da kowa ke mafarki, ta kuma zo cikin shekara 5 kacal. Amma irinta ba ta da yawa, shi ya sa har yanzu ita ake ta ambata.

Jumia ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a watan Afrilu na 2019 a kan dala 14.50. Farashin ya yi sama a makonnin farko, amma kafin shekarar ta ƙare ya faɗo ƙasa da inda ya fara. Bisa al'ada akan hana na cikin gida sayar da nasu har sai an yi wata 6 da shiga kasuwa. Ke nan ko ranar girbi ta zo, ba lallai ne ma'aikaci ya sayar a farashin da ya gani a jarida ba.

Andela ya sallami ƙananan injiniyoyi sama da 400 a watan Satumba na 2019, da ya sauya salon kasuwancinsa, bayan shekara 2 kuma aka ƙiyasta darajarsa a kan dala biliyan 1.5. Wannan ya nuna kamfani yana iya cin nasara bayan ya rabu da waɗanda suka fara da shi. Shi kuwa 54gene, mai binciken ƙwayoyin halitta, an kafa shi a 2019, ya tara jarin dala miliyan 45, ya rage ma'aikata a 2022, a 2023 kuma aka fara naɗe tabarmarsa. Tara jari mai yawa bai hana shi mutuwa ba.

7.0 Lissafi da Misalin Citta

Kudancin Kaduna shi ne cibiyar noman citta a Nijeriya, musamman ƙananan hukumomin Kachia da Jaba da Kagarko da Jama'a. Mu ƙaddara wasu matasa sun kafa kamfani a Kafanchan domin sayen citta daga manoma, su busar, su niƙa, su fitar waje. Suna neman wanda zai yi magana da manoma da Hausa, ya rubuta musu saƙonni da tallace-tallacen rediyo. Duk alƙaluman da ke tafe na misali ne domin a fahimci lissafin.

Wata ɗaliba daga Fadan Kagoma ta gama digiri. Wani wuri ya yi mata tayin naira 150,000 a wata. Jaririn kamfanin kuma ya ce zai ba ta naira 100,000 da kaso 1 cikin 100 wanda zai nuna a shekara 4. Idan ta zaɓi na biyu, ta bar naira 50,000 kowane wata. A wata 48 ya zama naira miliyan 2.4. Wannan shi ne jarin da ta zuba, ko da yake ba wanda ya ba ta rasiti.

Kamfani ya nemi kuɗi sau biyu, kowane karo ya sayar da kashi 20 cikin 100, jimillar abin da ya karɓa naira miliyan 400, da sharaɗin fifikon biya. A karon farko kasonta ya tsinke daga 1 zuwa 0.8, a na biyu ya koma 0.64. Masu zuba jari suna riƙe da kashi 36, na asali duka suna riƙe da 64. A ranar girbi masu jari za su zaɓi wanda ya fi musu yawa, ko dai a mayar musu da miliyan 400 ɗinsu, ko su karɓi kashi 36 na kuɗin ciniki. Ga abin da zai iya faruwa:

(a) Kamfani ya mutu. Ba ta da komai, miliyan 2.4 ta tafi.

(b) An sayar da shi naira miliyan 350. Masu jari sun kwashe duka, bai ma ishe su ba. Ba ta da komai.

(c) An sayar da shi naira miliyan 600. Masu jari sun ɗauki 400, saura 200 a raba wa na asali. Rabonta naira miliyan 2. Jarida za ta buga cewa an sayar da kamfani da tsada, ita kuwa ba ta mayar da abin da ta bari ba.

(d) An sayar da shi naira biliyan 3. Masu jari sun zaɓi kashi 36, ita kuma ta sami 0.64 cikin 100, wato naira miliyan 19.2 kafin a cire haraji. A nan ta ci riba sosai.

Ke nan sai an sayar da kamfanin naira miliyan 640 kafin ta tashi ba riba ba faɗuwa, wannan ma ba a sa hauhawar farashi a lissafi ba, wadda ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024. Naira 50,000 da ta bari a watan farko ta fi wadda za ta karɓa bayan shekara 6 ko 8 daraja nesa ba kusa ba.

Manomin citta ya san jira. Yakan shuka a farkon damina, ya haƙa bayan wata 7 ko 8, ya fere ya shanya, ya ɓoye buhunan har farashi ya tashi. Amma idan rashin lafiya ta taso ko kuɗin makaranta, zai ɗauki buhu ɗaya ya kai kasuwa ya dawo da kuɗi a ranar. Hannun jarin jaririn kamfani ba shi da ranar kasuwa. Sannan manomi ya san haɗarin dogara da abu guda. A daminar 2023 cuta ta afka wa citta a wannan yanki, ta ruɓar da gonaki masu ɗimbin yawa, kuma waɗanda suka sami sauƙi su ne masu masara ko dawa ko dabbobi a gefe. Mai zuba jari yakan raba kuɗinsa a kamfanoni 20 ko 30, yana sane da cewa mafi yawa za su mutu, ɗaya ko biyu su biya asarar sauran. Ma'aikaci kuwa gonarsa ɗaya ce. Idan ta ruɓe, albashi da kaso tare suke tafiya.

8.0 Ribar da Ba a Rubuta Ba

Duk da haka ba daidai ba ne a ce shiga da wuri ba shi da amfani. Akwai ribar da ba ta jiran ranar girbi, ita ce ƙwarewa da sanin mutane. A ƙaramin wuri mutum ɗaya kan yi aikin mutum uku. Wadda aka ɗauka fassara za ta koyi lissafin ciniki, da tsara shirin rediyo, da yadda ake magana da banki. A babbar ma'aikata tana iya yin shekara 10 ba ta taɓa waɗannan ba. Femi Aluko, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Chowdeck a 2021, a Paystack ya yi aiki, haka ma Abdulhamid Hassan da ya kafa Mono tare da abokinsa a 2020. Wannan ita ce sallamar zamani, sai dai yaro ne ke sallamar kansa da abin da ya koya.

A nan kusa ma akwai misali. Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996 kuma ta zauna a unguwar Bayan Loko a Kafanchan, ta fara da ba mata ƙananan rance, daga baya ta buɗe ajin koyon kwamfuta, ta kuma kafa Zittnet mai raba intanet ba da waya ba a yankin karkara, tun lokacin da manyan kamfanoni ba su waiwayi irin waɗannan garuruwa ba. Gidauniya ba ta raba hannun jari, don haka ba a yi wa kowa romon baka da kaso ba. Matasan da suka shiga sun san abin da suka je nema, wato sana'ar gyaran kwamfuta da haɗa na'urori, kuma wannan ba wanda zai tsinka musu shi.

9.0 Tambayoyi Kafin a Sa Hannu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda aka yi wa irin wannan tayi ya nemi amsar waɗannan tambayoyi tun kafin ya fara aiki:

1. Albashin nan shi kaɗai zai riƙe ni, ko da kason ya tashi a banza? Idan amsar a'a ce, tayin bai dace da shi ba, musamman mai ƙanne a makaranta ko iyaye da ke duban hannunsa.

2. Kason nawa ne cikin 100? Idan aka ce hannun jari 10,000, a tambayi jimillarsu nawa ne. Dubu 10 cikin miliyan 1 daban, cikin miliyan 100 daban.

3. Hannun jari ne ko alkawarinsa? In alkawari ne, nawa zan biya, kuma kwana nawa gare ni bayan na bar aiki?

4. Nawa masu zuba jari suka sa, kuma wane fifiko suke da shi?

5. Kuɗin da ke hannun kamfani zai biya albashi na wata nawa?

6. A ina aka yi wa kamfanin rajista? Ana iya bincika na gida a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC. Idan a waje ne, a san wane kamfani ne ya ba da kason, na gida ko na waje.

7. Ina takarda? Dokar Ƙwadago ta tanadi a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa cikin wata 3 da fara aiki. Dokar Fansho ta 2014 kuma ta wajabta wa ma'aikatar da ke da mutum 15 ko fiye ta zuba kashi 10 cikin 100, ma'aikaci ya zuba 8. Kamfanin da ya kasa cika waɗannan ƙanana, da wuya ya cika babban alkawari.

Akwai ƙarin gargaɗi ga ɗaliban harshe musamman. Sau da yawa aikin fassara da ɗaukar murya na ɗan lokaci ne, ana biyan sa da shafi ko da awa, kuma mai irin wannan aiki ba ya cikin waɗanda ake ba kaso. Idan haka ne, kada a yarda a rage farashi da sunan muna ginawa tare. Wanda ba shi da rabo a gini, a biya shi kuɗin aikinsa cif.

10.0 Kammalawa

Wannan muƙala ta nuna cewa shiga jaririn kamfani da wuri yana iya kawo dukiya, kamar yadda aka gani a Microsoft da Google da cinikin Paystack, amma hakan ba shi ne abin da ya fi faruwa ba, kuma tsawon jira da tsinkewar kaso da fifikon masu jari sun ƙara nisanta shi daga ma'aikaci. An kuma ga cewa ribar da ta fi tabbata ita ce abin da mutum ya koya da mutanen da ya sani. Saboda haka shawarar da za a ba ɗalibi ita ce, ya shiga idan albashin zai riƙe shi kuma aikin zai koya masa abin da ba zai samu a wani wuri ba, ya ɗauki kason a matsayin gyara, irin wadda mai awo ke ƙara wa mai saye bayan an cika mudu. In ta zo madalla, in ba ta zo ba mudunsa na hannu. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Daga ƙarshe, kalmomin da aka kawo a sashe na 2.0 shawara ce kawai, ana iya samun waɗanda suka fi su. Zai yi kyau ɗalibai su shiga kasuwannin Kafanchan da Kwoi da Kachia su tattaro kalmomin da dillalan citta ke amfani da su wajen bashi da ajiya da rabon riba, da Hausa da kuma harsunan yankin irin su Gyong da Hyam da Tyap. Ranar da za a fassara takardar ɗaukar aiki zuwa Hausa, waɗannan kalmomi ne za su sa mai sa hannu ya san abin da ya sa wa hannu.